Korin Kaka Tokuda

Alhamis, 2 ga Nuwamba, da yamma

Yau na kayar da Genta a gaban aji, kuma ban ji tausayinsa ko kaɗan ba.

Kowane zango, mu da ajin su Delia na Oregon a Amurka, waɗanda muke hira da su ta bidiyo duk safiyar Alhamis, muna haɗa taimako mu kai wuri guda. Zangon da ya wuce zaɓinsu ne, aka kai gidan karnukan da masu su suka yasar. Wannan karon namu ne. Genta, shugaban 'yan judo, mai wuya kamar turmi, ya ce a sayi kayan share bakin teku. Ni na miƙe na ce ɗakin abincin Kaka Tokuda da ke bayan wurin ibada. Na faɗa musu yadda yake: Laraba da yamma da Asabar da rana, yara su ci kyauta, manya su jefa abin da suka ga dama a akwatin bakin ƙofa, kuma ba a tambayar kowa abin da ya kawo shi. Malam Iwase ya fassara wa 'yan Oregon wuraren da Turancina ya kakare. Delia ta ɗaga hannu biyu a can, har da ƙafa.

Wata ta tambaye ni yadda na san wurin haka. Na ce wanke-wanke nake zuwa taya su. Ai kowa ya san taimako nake zuwa yi.

Asabar, 4 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na kira Delia daga ɗakin abinci don ta ga wurin da idonta. A can daren Juma'a ne, tana kwance da karenta a kan ciki. 'Yan biyun gidan Nasu, da ke zuwa cin abinci a nan, suka cusa fuskokinsu a wayar har hancinsu ya cika ta. Kaka Tokuda ta ɗaga mata ludayi, ta ce in tambaye ta ko a Amurka ba a tsefe kai. Ban fassara ba.

Sai na jingine wayar da kwalbar miya na zauna na ci kori, miyar nan da Kaka ke zuba wa shinkafa, muna hira. Ya yi daɗi yau, albasar ta soyu. Takalman yara a bakin ƙofa har sun hau kan juna.

Alhamis, 9 ga Nuwamba, da rana, a ɗakin karatu

'Yan Oregon sun ce suna da abin mamaki. Suka buga tebura kamar ganga, Delia ta danna, sai ga shafin da suka buɗe don tara taimako ya cika babban allon ajinmu.

Hoto ne daga hirarmu ta Asabar. 'Yan biyun Nasu a gefe. Ni a tsakiya, baki cike, cokali a hannu, ban ɗaura ko zanen aiki ba. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: yaran Japan da ke kwana da yunwa, ka taimaka.

Malam Iwase ya sunkuyar da kai ya ce mun gode ƙwarai da wannan ƙoƙari. Aji ya tafa. Ni ma na tafa, hannuwan nan nawa marasa kunya. Delia tana ta kaɗa min hannu tana nuna allon, wai ga ki nan, kin yi kyau.

Ba wanda ya kalle ni. Aji guda, kowa ya sami abin dubawa a cikin jakarsa.

Juma'a, 10 ga Nuwamba, da yamma

Har yanzu ba wanda ya ce komai. Gara su ce.

Asabar, 11 ga Nuwamba, da yamma

Wani ya tura shafin a zauren iyaye na waya. Ban san ko wa ba, ba kuma na son in sani, don zan iya yi masa rashin mutunci.

Takalma a bakin ƙofa yau ba su cika layi ɗaya ba. 'Yan biyu ba su zo ba, mamarsu ta kira ta ce mura. Yaran gidan da ke kusa da tashar jirgi su ma mura. Kaka Tokuda ta ajiye wayar, ta dubi tukunyar da ko rabi ba a ci ba, ta ce, "Mura ta kama rabin unguwa a rana ɗaya. Abin mamaki ba ya ƙarewa."

Ba ta yi min faɗa ba. Na wanke kwanukan da babu wanda ya ci a ciki, don kawai kada in juyo. Ni ce na kawo wayar nan cikin ɗakin, kuma raina ya ɓaci da kaina fiye da yadda zan iya rubutawa.

Lahadi, 12 ga Nuwamba, da hantsi

Jiya a kamfanin kifi wata abokiyar aikin Mama ta cusa mata ƙunshin kifi a jaka, ta dafa kafaɗarta. A haka Mama ta san labarin hoton.

Ba ta ɗaga murya ba, Mama ba ta ɗaga murya. Tana linke kaya ta ce ba zan ƙara zuwa can ba. Na ce ai taimako nake zuwa yi. Ta ce, "Kanae, na ga cokalin."

Sai ta ce mu ba mabarata ba ne, kuma ba ta haife ni don a nuna ni a Amurka ba. Na kusa cewa to ina Baba, na haɗiye. Tun bazara ba a ambatonsa a gidan nan, ba ni zan fara ba.

Kifin yana nan a firiji. Ba ta dafa ba, ba ta zubar ba.

Talata, 14 ga Nuwamba, da safe

Delia ta turo saƙo cike da zukata, wai kuɗi sai hauhawa yake, sun wanke motoci cikin ruwan sama. Ban amsa ba.

Laraba, 15 ga Nuwamba, da yamma

Ban je ba. Na ci shinkafa da ƙwai. Mama ta ce in cinye, ita ta ci a wurin aiki. Kullum ta ci a wurin aiki. Kamfanin nan dai akwai karamci.

Alhamis, 16 ga Nuwamba, da rana

Babu hira yau. An ce wa 'yan Oregon na'urarmu ta lalace. Na'urar da na gani da idona tana aiki lafiya lau.

Na tare Malam Iwase a matakala. Da ƙyar ya gaya min: Kaka Tokuda ta kira shugaban makaranta ta ce ba za ta karɓi ko yen ɗaya ba, kuma idan yaran ba su dawo ba kafin sabuwar shekara za ta rufe, ba za ta riƙa girki don kwandon shara ba. Shugaba ya ce a dakatar da hirar a hankali, a bar zumuncin ya mutu da kansa ba tare da an ɓata wa kowa rai ba. Shi Malam ya rubuta wa malamarsu cikin ladabi cewa dokar makarantarmu ba ta yarda da hoton ɗalibai ba.

To sun ji. Sun shafe mana idanu da baƙin layi, sun bar rubutun. Yanzu mun koma kamar waɗanda ake nema ruwa a jallo. Ko makaho a garin nan ya san jan ɗaurin gashina.

Na ce, "Malam, me ya sa ba za a gaya musu gaskiya ba?" Ya gyara tabarau ya ce sun yi ne da zuciya ɗaya, zai yi nauyi a faɗa. Haba. Kowa yana tsoron ɓata ran mutanen da ke ƙetaren teku, su kuma 'yan biyun Nasu ko oho da abin da suka ci jiya.

Asabar, 18 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na ce wa Mama ɗakin karatu zan je. Na bi ta bayan wurin ibada.

Tsofaffi kaɗai na tarar, da yaro ɗaya da ya ci a tsaye ya fice. Na roƙi Kaka Tokuda ta karɓi kuɗin, ko don shinkafar hunturu. Ta zare min ido.

"Ke, 'yar nan, ni na taɓa ce miki ina ciyar da matalauta? Girki nake yi wa baƙina. Wanda ya ci a teburina shi ke jefa kuɗi a akwatina. Waɗannan sun taɓa ɗanɗana abincina?"

Na ce suna Amurka. Ta ce to ba laifinta ba ne. Sai ta zuba min, ta ƙi barina in taɓa soso sai na cinye.

Lahadi, 19 ga Nuwamba, da rana

Na kira Delia. Na je can ƙarshen katangar tashar jiragen ruwa, inda ba mai ji sai tsuntsaye. Duk Turancin da na shirya a hanya ya watse da na ga fuskarta. Ta fara da cewa ta yi kewata, na ce ta yi shiru tukuna.

Na ce yaran sun daina zuwa. Na ce a nan mutum ya fi son ya kwana da yunwa da maƙwabcinsa ya san yana jin ta, kuma abin da ya sa suke shiga ɗakin shi ne ba wanda zai iya cewa wannan don dole ya zo, wancan don ra'ayi. Ta ce amma ke ai taimako kike yi, in an cire yaran a bar ke kaɗai fa?

Na ce, "Ba taimako nake zuwa yi ba. Ci nake zuwa yi."

Ga shi na rubuta a nan ma. Ci nake zuwa yi, tun bazara.

Delia ta janyo karenta jikinta. Sai ta ce ita da mamarta sun yi shekara biyu suna bin layin karɓar abinci a cocinsu, kuma hotonta yana nan a takardar neman taimakon cocin tun tana ƙarama, ba haƙoran gaba. Wai a can idan ba fuska ba wanda ke ba da ko kwabo, ita a haka ta taso, ba ta taɓa tsayawa ta tambayi kanta ko tana so ba. Na ce kin so? Ta ce ta tsani hoton nan kamar me.

Muna kan layi ta sauke shafin. Tana kuka, hanci ja, karen yana lasar mata kunne. Na so in ci gaba da fushi, na yi ƙoƙari ma, amma dariya ta ƙwace min. Na dawo gida da sauƙin ƙirji da ban ji ba tun da daɗewa.

Litinin, 20 ga Nuwamba, da yamma

Shafi ya tafi, amma wanda ya gani ya riga ya gani. Duk yaron da aka hanga yana shiga lungun bayan wurin ibada yanzu, an san dalili.

Ina canza takalmi zan fita daga makaranta sai ga Genta ya tsaya a kaina yana sosa ƙeya. Shi ne mutum na farko a makarantar nan da ya buɗe baki. Cewa ya yi, "Wai korin nan da gaske yana da daɗi?"

Na ce ya fi na gidanku. Ya ce shi zai iya zuwa, ko na wasu mutane ne kawai? Na ce waɗanne mutane, faɗi mana. Ya yi ja har wuya. Na ce na kowa ne, sakarai, an rubuta a ƙofa. Ya ce to 'yan judo duk Asabar bayan atisaye yunwa kamar ta kashe su.

Ina kan keke a gangaren gida abin ya faɗo min, saura kaɗan in shiga kwata. Idan duk gari ya shiga lungun nan, wa zai nuna wa? Kuma idan sai wanda ya ci a teburin Kaka Tokuda ke jefa kuɗi a akwatinta, to su Delia su ci mana.

Alhamis, 23 ga Nuwamba, hutu, da yamma

Na kai wa Kaka Tokuda maganar: 'yan Oregon su dafa korinta a can, mu ɗora allo a ƙarshen tebur, su ci a lokacin da muke ci. Ranar Asabar ɗinmu, daren Juma'arsu. Ta ce in korinta ne, to yadda take yi za a yi, ba za a ɓata mata suna a ƙasar waje ba.

Malam Iwase kuwa da na same shi jiya, ya ce Asabar ba ranar makaranta ba ce, shugaba ba shi da ta cewa a kan inda mutum zai ci abincin ranarsa. Shi ma, in ji shi, yakan ji yunwa ranar Asabar, kuma na'urar ajinmu da alama ta warke, zai iya ɗaukowa. Ashe akwai ƙashi a bayan mutumin nan.

Lahadi, 26 ga Nuwamba, da rana

Darasin girki ta waya. Kaka Tokuda tana zazzaga wa Delia da abokanta faɗa da harshenmu, ni ina mayar da shi Turanci mai laushi. Ta ce wannan yaron yankan albasa yake ko faskaren ice, na ce Kaka ta ce ka ɗan rage girma. Wani ya tambaya ko za a iya zuba cuku a ciki. Kaka ta fahimta ba tare da ni ba, ta kife wayar a kan tebur.

Na gaya wa Mama duka, har da zuwana na ɓoye. Ta ci gaba da goge murhu. Ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba.

Laraba, 29 ga Nuwamba, da yamma

Genta ya zama mai shela. Ya gayyato 'yar gidan likita da mamarta, da ɗan sandan unguwa, da mai kula da wurin ibada, har da 'yan ƙungiyar busa ƙaho. Masu kantin kayan miya sun aiko da dankali, wai su ma za su zo su ci kayansu.

Gidan Nasu ni na je da kaina. Mamarsu ta buɗe ƙofa kaɗan, ba ta cire sarƙar ƙofar ba. Na sunkuya na ba ta haƙuri kan hoton, na daɗe ban ɗago ba. Sannan na ce muna neman waɗanda za su koya wa Amurkawa cura shinkafa, kuma babu wanda ya kai 'yan biyu iyawa, wanda gaskiya ne. Ta ce za ta duba ko murar ta sake su. Ina jin su a bayan ƙofa suna tsalle.

Juma'a, 1 ga Disamba, da yamma

Idan yaran ba su zo ba fa? Idan 'yan judo kaɗai suka cika ɗakin, sun cinye tukunya, an tashi?

Asabar, 2 ga Disamba, da yamma

Hannuna yana ciwo da wanke-wanke amma sai na rubuta.

Kafin azahar layi ya fita daga lungu ya kai titi. 'Yan judo a gaba da jakunkunansu, 'yar likita da rigarta mai tsada, ɗan sanda ya jingine kekensa ya bi layi kamar kowa. Masu wucewa suna tambaya me ake yi, Genta yana ce musu kori, ku shigo. Takalma sun cika bakin ƙofa sun gangara matakala, har aka shimfiɗa jarida a waje.

Malam Iwase ya haska allon a bango. Ga su Delia can a kicin ɗin makarantarsu, da iyayensu, da tukunya wadda za a iya yi wa yaro wanka a ciki. Korinsu ya yi ruwa tsululu. Kaka Tokuda ta matsa kusa da bango ta duba, ta ce ba laifi ga masu koyo, amma albasar ba ta ji wuta ba. Muka haɗa hannuwa, su ma suka haɗa, muka faɗi kalmar fara cin abinci tare, tasu ta iso a makare a karkace, ɗaki ya ɗauki dariya.

Ni ƙofa kawai nake kallo.

Yaran sun zo. A tsakiyar 'yan busa suka shigo, ba wanda ya waiwaya. 'Yan biyu suka wuce kai tsaye gaban allo, suka jiƙa hannu, suka fara yi wa manyan Amurkawa tsawa kan yadda suke matse shinkafa. Bayansu yaran tashar jirgi, sai wasu biyu da ban taɓa gani ba. Na shiga kicin na tsaya fuskantar bango na ɗan lokaci, Kaka ta ce in zan yi kuka in yi nesa da tukunyarta.

Da aka ci aka ƙoshi, Delia ta ɗaga kwanonta da ta suɗe ta nuna, ta ce in tambayi Kaka ko yanzu sun zama baƙinta. Kaka ta goge hannu a zane, ta ɗauko akwatin daga bakin ƙofa, ta dire shi a gaban allon.

"Sun ci. Su jefa abin da suka ga dama."

Ihun da suka yi a can sai da lasifikar ta yi ƙara. Na ji daɗi, na ji daɗi, kuma ban ɓoye ba.

Mutane sun fara raguwa lokacin da na ga takalman roba farare na kamfanin kifi a bakin ƙofa. Mama ce, da hular aiki a hannu. Ta tsaya kamar za ta juya. Matar likita, ba tare da ta ɗago ba, ta matsa mata wuri a kan benci tana ci gaba da cin nata. Kaka Tokuda ba ta yi mata wata gaisuwa ta musamman ba, ta dire mata faranti kamar kowa. Delia ta tambaya wace ce, na ce mamata. Mama ta ɗan sunkuya wa bangon.

Ta ci a hankali da farko. Daga baya ba a hankali ba. Na zauna kusa da ita na ci nawa. Da ta gama, ta miƙa farantin aka ƙara mata.

A hanyar gida ina tura keke tana gefena. Mun wuce tashar jirgi, mun kusa gangare, sai ta ce, tana kallon gabanta, "Ranar Laraba ƙarfe nawa ake farawa?"